Lissafin Ranar Laraba

Malaz, Riyad
Juma'a, 13 ga Janairu, 2017

Zuwa ga matata Bilƙisu, Maman Biba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna da Yaya Azumi da dukan mutanen gida a Haɗeja. Yaya ƙafar Inna? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Biba, Ya sa mai ceto ce a gare mu. Ni ma lafiyata ƙalau, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Kin san ba ni da rubutun kirki, ke da kanki kin ce da ɗalibinki ne ni da sai na sha bulala a kansa. To tunda wata biyu ke nan ba ki ɗaga wayata, dole ta sa na koma ga biro. Zan ɗauki hoton takardar in tura wayar Yaya Azumi. Ta yi mini alkawarin ba za ta karanta ba, ni kuma na yi kamar na yarda.

Gidan yana nan yadda kika bar shi. Jajayen takalman Biba suna bakin ƙofa, ban ɗauke su ba, ban kuma iya kallonsu ba, sai in riƙa shiga a karkace. Mai baƙala, kantin nan na ƙasan bene, ya tambaye ni ita sau biyu, na ce ta yi tafiya. A na uku sai na canja shago, yanzu har bayan masallaci nake zuwa sayen burodi.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne labarin da Yaya Azumi ta ba ni. Ta ce ba ki cin abinci sai an tsare ki, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai kin gaya masa cewa ke kika kashe 'yarki da sakaci, don kin bar ta kwana biyu da zazzaɓi a gida kafin a kai ta asibiti. Na san inda maganar ta samo asali. Na ji abin da Gwaggona ta faɗa miki a waya ranar uku, cewa uwa ce ke sanin jikin ɗanta. Ina zaune kusa da ke, na ji, ban ce komai ba.

Shekara biyar kina tsokanata cewa ni boka ne mai digiri uku, wai ina zaune gaban kwamfuta ina duba. Yau bokan naki yana so ya yi miki aiki. Bari in sake yi miki bayanin sana'ar, ko da yake malamar lissafi ba ta buƙata. A sashenmu na bincike muna da bayanan yaran da aka kawo asibitinmu da sanƙarau ko cutar da ta shiga jini, na shekara goma sha biyu, an goge sunayensu. Kowane yaro layi guda ne: shekarunsa, zafin jikinsa, kwana nawa ya yi kafin a kawo shi, abin da aka ba shi, da yadda aka ƙare. Da waɗannan muke koya wa na'ura. Ta faɗi wanda zai warke da wanda ba zai warke ba, wannan kowa yana yi. Abin da ni nake nema ya fi haka wuya, wato ta amsa tambayar da a ce: da a ce an ba yaron nan wancan magani, da a ce an kawo shi jiya. Matsalar ita ce kowane mutum hanya ɗaya yake bi, ba wanda ya taɓa ganin ɗayar. Sai dai mu nemo yaran da suka yi kama da shi ƙwarai, waɗanda suka bi ɗaya hanyar, mu ga inda ta kai su.

Na san Inna za ta ce kalmar da a ce ƙofar Shaiɗan ce, kuma gaskiyarta, ko yau ma liman ya taɓo maganar a huɗuba har na sunkuyar da kai. Amma ke kin riga kin shiga ƙofar, kin kulle kanki a ciki. Ki bar ni in tambayi na'urar ko kwana biyun nan sun canja wani abu. Duk abin da ta ce zan gaya miki.

Ki tuna kuma bizarki ta fita da dawowa, wadda suke ce wa huruj wa auda, za ta ƙare ran 15 ga Mayu. In ranar ta wuce ba ki shigo ba, iƙamarki, wato izinin zamanki a ƙasar, ta tafi ke nan. Ba matsa miki nake yi ba. Ina dai so ki dawo, ban iya zaman gidan nan ni kaɗai.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ina neman addu'arta.

Mijinki,
Nu'uman, Baban Biba


Malaz, Riyad
Asabar, 18 ga Fabrairu, 2017

Maman Biba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da so da kewa. Ina fata kina lafiya, Inna ma ta samu sauƙi. Na gode da 'yar takardarki. Layi huɗu ne kacal, amma na karanta ta har na haddace inda biron ya yi miki gardama. Kin ce in tambaya, kina jira. To na tambaya.

Ga abin da bayanan suka nuna, kuma na haɗo miki hoton jadawalin don ki gani da idonki. Cikin kowane yara ɗari da aka kawo a ranar farko ta zazzaɓi, goma sha huɗu sun rasu. Cikin ɗarin da aka kawo a rana ta uku, kamar yadda muka kai Biba, takwas ne suka rasu. Yara sama da dubu biyar ne, ba goma ko ashirin ba. Kin gani, waɗanda aka garzaya da su tun ranar farko ba su fi tsira ba. Ki sauke kayan nan daga kanki, Bilƙisu. Kwananta ne ya ƙare, ba jinkiri ba ne.

Jiya bayan sallar Juma'a na je wurinta. Na san abin yana ci miki rai da ba a bar ki kin shiga maƙabartar ba, don haka bari in kwatanta miki. Fili ne shimfiɗeɗe, ƙasa ja-ja da tsakuwa, ba itace ko ɗaya. A nan ba a rubuta suna a kabari, dutse ne a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Ni ƙirge nake yi: layi na tara daga katangar gabas, kabari na goma sha huɗu. Tun ranar farko na gane cewa daga katanga ya kamata in riƙa farawa, domin ta ɓangaren hanya kullum ƙaruwa ake yi. Na yayyafa ruwa, na yi addu'a, na gaya mata kina gaishe ta. Wani tsoho Basudane da ke tsaye a layin gaba ya dafa kafaɗata, sannan ya wuce.

Da zan dawo na biyo ta gaban gidan namun daji. Kin tuna ranar da ta tsaya gaban raƙumin dawa ta ƙi tafiya, tana yi masa faɗa da Larabci ya sauko ya gaishe ta? Ke kina fushi wai 'yarki ta fi iya Larabci da Hausa, kina cewa in kuka je Haɗeja sai Inna ta nemi tafinta. Na yi dariya ni kaɗai a mota, daga nan kuma sai da na gangara gefen titi na tsaya.

Sanyi ya fara sauƙi. In kin dawo za mu je Dir'iyya mu shimfiɗa tabarma a bakin kwarin nan kamar da, ko kuma in wurin zai yi miki nauyi mu nemi wani. In gidan ne ma ba ki so, sai mu tashi daga Malaz gaba ɗaya. Dakta Rekiya, likitar yaran da ta kwana biyu a kan Biba, kullum sai ta tambaye ni ke. Ta ce in gaya miki har yanzu ba ta samu mai yi mata dambun kifi irin naki ba, kuma wai kada ki dawo hannu biyu.

Ki ci abinci don Allah. Ki gaida Inna da Yaya Azumi, wadda ba ta karanta wannan takardar.

Naki har kullum,
Baban Biba


Malaz, Riyad
Juma'a, 7 ga Afrilu, 2017

Bilƙisu, Maman Biba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina fata kowa lafiya. Na samu takardunki biyu. Kin ce tun da kika ga jadawalin nan kika fara barci, kin ce kin koma cin tuwo har Inna tana tsokanarki, kin ce an sa ranar tafiya, 10 ga Mayu, kuma kifin Dakta Rekiya yana shanye. Sati uku ina ɗauke da takardun nan a aljihu ban ba ki amsa ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, kamar yadda na sa Yaya Azumi ta gaya miki. Kunya ce.

Bilƙisu, ƙarya na yi miki.

Lambobin da na turo gaskiya ne, ban ƙirƙire su ba, amma abin da na ce suna nufi ƙarya ne, kuma ina sane. Wane yaro ake kawowa asibiti a ranar farko? Wanda ya fara da jijjiga, wanda ya sanƙare, wanda tun safe idonsa ya juye. Su ne cutar ta fi kamawa da ƙarfi, shi ya sa aka ruga da su, shi ya sa kuma suka fi mutuwa. Ba saurin kawo su ne ya kashe su ba. Kamar mutum ya lura cewa gidan da motar asibiti ta tsaya a ƙofarsa ya fi yawan rashi, sai ya ce motar ce ke kawo mutuwa. Wannan shi ne darasin farko da nake koya wa duk wanda ya shigo sashenmu. Duk aikina na shekara tara a kan kauce wa wannan kuskure ne. Na ɗauko shi da hannuna na miƙa miki, don ina so ki ci abinci ki dawo.

Da na yi niyyar in bar maganar har kabarina. Amma a tsakiyar Maris aka ƙaro mana bayanan shekarar da ta wuce. Ina tsaftace su kamar yadda na saba, ina gangarawa layi bayan layi ina neman inda aka bar gurbi, sai hannuna ya tsaya. Layi na dubu biyar da ɗari takwas da goma sha biyu. Mace. Shekara huɗu da wata biyu. Ba 'yar ƙasa ba. An kawo ta ranar Alhamis bayan azahar, kwana na uku da fara zazzaɓi. Nauyi kilo goma sha biyar da rabi. Ba suna, amma ni na riƙe ta aka auna ta. A gurbin ƙarshe, inda ake sa sifili ga wanda ya koma gida, an sa ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon layin ba. Abin da ya dace shi ne in tashi in gaya wa shugaban sashe, a ba wani aikin. Maimakon haka sai na kwafi layin zuwa wani wuri, na kunna na'urar ta gaskiya, wadda ke haɗa yaro da waɗanda suka fara da irin zafinsa da irin alamunsa, ba wai ta jibge kowa wuri guda ba. Na goge ukun da ke gurbin kwanaki na rubuta ɗaya. Na yi miki alkawari a takardar farko cewa duk abin da ta ce zan gaya miki, ga shi, ba ragi:

An kawo ta Talata, rana ta farko: casa'in da ɗaya cikin ɗari suna rayuwa.
An kawo ta Laraba, rana ta biyu: saba'in da takwas.
An kawo ta Alhamis, rana ta uku: arba'in da huɗu.

Yanzu bari in faɗi abin da ya kamata in faɗa wa Gwaggo tun ranar uku. Ranar Talata da safe, kafin in fita, ke kika ce mu kai ta. Kin ce kukan nan ba irin nata ba ne, kin ce ba ta son haske. Ni na ɗauko ma'aunin zafi, na ga talatin da takwas da ɗigo shida, na tsaya a tsakiyar falo da jakata a kafaɗa na yi miki lacca. Na ce cikin yara ɗari masu irin wannan zazzaɓi, casa'in da biyar mura ce, kwana uku ta wuce. Na ce iyaye irinki ne ke cika sashen gaggawa har masu ciwon gaske su rasa gado. Na ce ki ba ta maganin zazzaɓi da ruwa. Har na ja miki kumatu na ce malamar lissafi ta ji tsoron lissafi. Maganata a kan yara ɗari daidai ce, sai dai ba ɗari aka ba mu ba, ɗaya ce.

Ranar Laraba kuma ina gabatar da aikina gaban baƙin da suka zo daga waje, wayata a kashe. Motar tana wurina, kuma ke ko tana gida ba a yarda ki tuƙa ba. Katin asibitinta da iƙamarta suna cikin walat ɗina, domin ni ne mai tsari, ni ne ba na yarda a bar takardu a gida kada su ɓata. Da na kunna wayar na ga kiranki bakwai. Na dawo na same ta tana barci, na ce kin gani, sauƙi ne ya fara. Ba sauƙi ba ne. Har yau katin yana cikin walat ɗin, a bayan nawa.

Duk wannan kin sani, kina wurin. Amma ba ki taɓa faɗa wa kowa ba, ni kuma na bar ki kika ɗauka ke kaɗai, a gaban danginki da nawa, don ya fi mini sauƙi a ce uwa ta yi sakaci da a ce mai binciken ciwon yara ya hana a kai 'yarsa asibiti. Na rubuta wa Gwaggo, na kuma rubuta wa Inna takarda daban, tana tare da wannan. Ki sa Yaya Azumi ta karanta mata da ƙarfi, a gaban duk wanda ke gidan.

Na san wannan takarda tana iya hana ki hawa jirgi. Na auna hakan. Amma ban so ki dawo ki zauna da ni a kan ƙaryar da na yi da sunan Biba. Laifin nawa ne, Bilƙisu, na ranar Talata, tun kafin ƙarfe takwas na safe. Ki yafe mini in za ki iya. Ina nan ina jiran 10 ga Mayu, zan je filin jirgi ko kin ce kina zuwa ko ba ki ce ba.

Mijinki mai neman gafara,
Nu'uman


Malaz, Riyad
Asabar, 20 ga Mayu, 2017

Zuwa ga Bilƙisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kina cikin lafiya, ke da Inna da Yaya Azumi. Allah Ya kai mu azumi lafiya, Ya sa muna cikin bayin da za a 'yanta. Ki yi wa Inna godiya a kan saƙonta. Ban cancanci addu'ar da ta yi mini ba, amma na karɓa hannu biyu.

Na je filin jirgi ran 10, kamar yadda na ce. Na tsaya har mai tura keken kaya na ƙarshe ya fito. Takardarki ta shigo wayata washegari, ina wurin aiki, na shiga masallacin asibiti na karanta ta.

Kin ce tun ranar da kika ga jadawalin farko kin gane ƙarya ce. Kin tuna mini cewa misalin motar asibitin nan a kan tabarmar cin abinci na fara ba ki shi, shekara uku da suka wuce, har kika ce za ki ara ki koya wa 'yan aji shida in kin koma koyarwa. Kin ce kin karɓi ƙaryar ne da saninki, domin tun da Biba ta rasu shi ne karo na farko da kika ga na fifita ki a kan lissafi, kuma a kanta kika ɗaure kayanki. Kin ce maganar Talata kin yafe mini ita tun kafin a ɗauki gawa daga asibiti, shi ya sa ba ki taɓa ambata ta ba.

Sannan kika zo kan Laraba. Wallahi, Bilƙisu, ban gan ta ba. Na karanta waccan takardar tawa sau uku kafin in turo, ina duba ko na rage wa kaina laifi a wani wuri, amma layin tsakiya ban gan shi ba. Na sa shi ne kawai don a wurinmu ba a ba da sakamako da giɓi, in ka nuna ɗaya da uku dole ka nuna biyu. Hannuna ne ya rubuta, kamar yadda ya saba.

Ban san cewa ranar Laraba, bayan kira na bakwai, kin sa abayarki kin saɓa ta a kafaɗa kin buɗe ƙofa ba. Ban san kin sauka har hawa na biyu, kina shirin tare tasi, sannan kika tuna ba kati a hannunki, ba ki da Larabcin da za ki yi musu bayani, kuma mijinki masani ya ce mura ce, sai kika juyo kika hau. Wata bakwai kina riƙe da wannan ke kaɗai, kina lallashin kanki cewa wataƙila ko kin je ba abin da zai canja. Ni kuma na zo na ɗora masa lamba. Kin ce yanzu ko salla kika tayar, saba'in da takwas ce ke tsaye a gabanki. Kin ce ba za ki iya sake hawa benen nan ba, ba kuma za ki iya kallon fuskar wanda ya ƙirga miki shi ba.

Na kai wa Dakta Rekiya takarduna ta gani, don na rasa wanda zan nuna wa. Ta karanta a tsaye, ta zauna, ta yi mini faɗan da tun rasuwar mahaifiyata ba a yi mini irinsa ba, da Hausarta da Turanci da duk abin da ya zo bakinta. Ta ce shekara ashirin tana gaya wa iyaye rasuwar 'ya'yansu, ba ta taɓa ba uwa lamba ba. Ta ce ko ba kati da sun karɓe ki, amma kada in kuskura in rubuta miki haka. Ga shi na rubuta, domin na san kin riga kin tambaya an gaya miki, kuma na gaji da zaɓar abin da zan ɓoye.

Akwai abin da ya kamata in sa a waccan takarda, wanda nake sawa a ƙarshen kowane rahoto, amma a nan na manta. Saba'in da takwas ba maganar Biba ba ce. Maganar wasu yara ɗari ce masu kama da ita, 'ya'yan wasu mutane. Ashirin da biyu daga cikinsu an kawo su ranar Laraba kuma sun rasu. Ba na'urar da ta san ko a cikin waɗanne Biba za ta faɗa, ba wanda ya ga wannan hanya sai Allah. Wannan ita ce gaskiya mafi ƙarfi a duk ilimin da na yi. Na san kuma yanzu ba za ta yi miki amfani ba, don wanda ya yi miki ƙarya da lamba, ya dawo ya sare ki da lamba, ba shi zai ce ki daina yarda da lamba ba.

Bizar ta ƙare ranar Litinin. Na shiga shafin hukuma na duba, inda ake jera waɗanda ke ƙarƙashin iƙamar mutum. A da sunaye biyu ne, yanzu ba ko ɗaya. Ban ce ki dawo ba, ban kuma ce komai a kan maganar aurenmu da kika ce a bar wa manya su zauna bayan salla ba. Duk abin da kika zaɓa ba zan ja ba. Kayanki zan haɗa in ba Maiwada, wani direba ɗan ƙasarmu da ke aiki a nan, zai taho gida kafin salla. Takalman ne kawai nake roƙo ki bar mini.

Shugaban sashe ya ce aikin ya yi kyau, za a fara gwada shi a sashen gaggawa, wataƙila ya sa a daina mayar da wasu yara gida. Na ce masa alhamdu lillahi. Bai san kowace safiya, kafin kowa ya iso, nakan buɗe layin nan da na kwafa ba. Nakan goge ukun in rubuta ɗaya, in danna, in zauna ina kallon casa'in da ɗaya har in ji motsin mutane a baranda. A wannan ɗan lokacin, a raina, safiyar Talata ce, na ajiye jakata, na ɗauko makullin mota, kina bayana da ita a kafaɗa. Sannan in mayar da ukun wurinta in fara aiki. Biyu kam ban sake rubuta ta ba, kuma ba zan sake ba.

Jiya na je wurinta. Layi na tara, na goma sha huɗu. Na saba ce mata Mama tana gaishe ki, tana nan zuwa. Jiya na gaya mata rabin farko kawai.

A saman takardarki kin rubuta Dakta Nu'uman. Na gani, ban yi ƙorafi ba. Ni ma na gwada rubuta sunanki shi kaɗai a saman wannan, kin ga yadda ya tsaya. Ki yi mini izini a ƙasa in kira ki yadda na saba, ko sau ɗaya ne.

Allah Ya ba ki barci, Maman Biba.

Ni ne,
Baban Biba